Sawun Gwiwar Hannu

Tef ɗin awo. Tocila. Sandar awon taku mai zoben roba biyu. Fensir, don biro daskarewa yake yi. Fulas ɗin kofi. Rabin burodi mai nama da dankali a ciki, naɗe a takarda. Abin da ke jakata ke nan lokacin da nake tsallake filin ajiye motoci na zauren 'yan mazan jiya, ina bin sawun mutum ɗaya a kan dusar ƙanƙara.

Litinin ce, tara da rabi na safe. An fasa gilashin ƙofar baya, an ɓalle kwaɗon kabad, an ɗauki littafi guda. Ba a taɓa giya ba, ba a taɓa talbijin ba. Ɗan sandanmu a Kettula ɗaya ne, kuma yana can babban titi wajen wata tirela da ta kife. Shi ya bugo mini ya ce, “Kirsti, je ki duba ƙasa kafin su tattake ta.” Ni ma'aikaciyar gandun daji ce, maharban da suka ɓata nake nemowa. Amma sawu sawu ne.

Takalmin bai gaya mini komai ba. Irin sa kowane namiji a garin yake saye, a shago ɗaya. Lokacin ne ya yi magana. Dusar ta tsaya jiya Lahadi da tsakar rana, sawun yana samanta, kuma sanyin dare ya ƙafar da gefensa. Wato da yammacin Lahadi aka shiga, sa'ad da kowa ke gaban talbijin yana kallon ƙwallo. Takun daidai yake, babu ɗingishi, babu gudu.

A bakin titi motar share ƙanƙara ta bi ta kai. Nan sawun ya ƙare. Na kafa sanda na koma ciki.

*

Marlene Oja na tsaye gaban kabad ɗin, ko rigar sanyi ba ta cire ba. Ita ce mai takardun zauren. Rundunar da ta tafi Iraƙi a 2004 duk 'yan garin nan ne, tare suka yi makaranta, tare aka kwashe su. Mijinta Wayne yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Tun daga nan ta ɗauki cike wa sauran fom na neman alawus ɗin nakasa, ba wanda ke biyan ta.

“Shekara bakwai,” in ji ta. “Shekara bakwai ina kan ƙarar neman alawus ɗin hannun Arvo. Sau biyu ana mayar mana da ita.”

“Me ya sa?”

“Rundunar ta ɓatar da takardun ranar da ya ji ciwon. Mutum uku suka rubuta shaida cewa murfin bayan babbar mota ne ya faɗo masa a wuyan hannu. Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya ce ba haka ƙashi ke karyewa ba in abu ya faɗo masa. Wai ƙila a injin katako ya samu, bayan ya bar soja.”

“Littafin fa?”

“Na Dakta ne, mai ba su magani a can. Ya rasu bara. Matarsa tana kwashe kaya ta gan shi, ɗan littafin aljihu, duk wanda ya zo wurinsa ya rubuta suna da rana da ciwo. Ta aiko. Ranar Juma'a ya iso, ina Duluth wajen haihuwar 'yata. Ko ganin sa ban yi ba. Yau na zo in ɗau hotonsa in aika.”

“Yaushe ne zaman?”

“Jibi, ƙarfe goma, alƙali ta bidiyo. Wannan shi ne mataki na ƙarshe. In babu littafin, an rufe.”

“Wa ya san yana nan?”

“Duk wanda ya zo cin soyayyen kifi a zauren nan ranar Juma'a. Duane, shugaban zauren, ya riƙa yawo da shi tebur-tebur kamar wanda ya ciyo kofi.”

Arvo Lahti yana zaune can kusurwa da kofi a hannun hagu. Na daman yana cikin riga, manne da ƙirji, kamar mai ɗauke da ɗan tsako. Haka nake ganin sa tun ina sakandare. Abokin mahaifina Salmi ne, kuma shi ya fara nuna mini bambancin sawun barewa mai kiwo da mai gudu, kafin in tafi Oregon in shekara goma sha ɗaya ana koya mini abu ɗaya da dogon Turanci.

“Sannu, Kawu.”

“'Yar Salmi. Sun taso ki a banza.” Ya dubi Marlene. “A bar shi haka nan. Na gaji da a ɗora mini abin awo a ce lanƙwasa, ƙara lanƙwasa, ina ne yake ciwo.”

“Kai ka gaji?” in ji Marlene. “Ni da na manna kan sarki dubu a ambulan fa? Sha kofinka.”

A bakin ƙofa mata biyu da suka zo goge tebura sun riga sun yanke hukunci. Rusty ne. Kowa ya ji abin da ya faɗa ranar Juma'a.

*

Na sami Rusty Niemi a garejinsa, kwance ƙarƙashin babur ɗin ƙanƙara. Da ya ga takalmina, ya dafa siminti da tafin hannu biyu ya miƙe. Hannuwan duk tabon ƙuna ne. Jijiyoyinsu sun mutu tun a can, ba ya jin zafi ba ya jin sanyi. Tasa ƙarar an kore ta, ya yi fushi ya bar wa'adin ɗaukakawa ya wuce.

“An aiko Furofesa ta kama ɓarawo,” in ji shi. “Ina ankwar?”

“Me ka ce ranar Juma'a?”

“Na ce Arvo ya samu littafi, mu mun samu ƙayar kifi. Ƙarya na yi?”

“Ina kake jiya da yamma?”

“Mashaya, daga ɗaya har shida, ina zagin alƙalin wasa. Mutum talatin sun ji ni. Wasu har daga waje.”

“Kana ciki, a littafin?”

“Kowa yana ciki. Wanda ya yi zawo, wanda ya yi kuka, wanda ya ɗauko ciwon da ba a gaya wa mata. Dakta ba ya tsallake kowa.” Ya goge hannu da tsumma, bai lura yatsansa na jini ba. “Ni ba abin da zan ɓoye. Yatsuna goma na nan, ga su, kamar na wani na aro. Kina son mai abin ɓoyewa, je ki tambayi Saje yadda aka yi ya samu tabonsa.”

Na tsaya a mashaya. Mai wurin ta ce Rusty bai tashi daga kujera ba sai don fitsari, kuma ta so a ce ya tashi.

*

Duane Pelkie shi ne shugaban zauren. Sajan ne a can, kuma har yau ba wanda ya gaya masa an gama. Yana da tabo a bayan hannun hagu. Duk shekara yakan je firamare da hula da lambobi ya nuna wa yara inda ɓaraguzan bam suka shige shi.

Ya buɗe mini ƙofa da takalmi a ƙafa ɗaya, silifa a ɗayar. Babban yatsan ya kumbura kamar albasa.

“Kwana uku ke nan,” in ji shi. “Likita ya ce in bar giya da hanta. Na ce to me ya rage?”

Na dubi yadda yake jan ƙafar. Ba shi ya taka filin nan ba. Duk da haka na zauna.

“Me Dakta ya rubuta a kan hannunka, Saje?”

Ya yi dariya har da tari. “Rusty ko? Ɗan banza. Gwangwanin 'ya'yan itace ne. Ina buɗewa da wuƙa ta zame. Ɗinki shida.”

“Ba ka damu a karanta ba?”

“Haba, Furofesa. Duk garin nan wa bai sani ba? Matata ma in ta buɗe gwangwani sai ta ce, Saje, a kwanta, ga abokan gaba. Yara kawai nake gaya wa, su ma na aji biyar sun daina yarda.”

“Wa ya riƙe littafin ranar Juma'a?”

“Kowa ya nemi sunansa, aka yi ta dariya. Arvo ne na ƙarshe.”

“Ya yi dariya?”

Duane ya gyara zaman ƙafarsa a kan kujera. Ya daɗe yana gyarawa.

“Ya karanta, ya rufe, ya miƙo mini. Ya ce in ba shi ya tafi da shi gida. Na ce a'a, Marlene ta ce duk takardar da ta shigo a kulle sai ta zo. Ka san Marlene. Na kulle.”

“Me shafin ya ce?”

“Murfin mota mana. Me kuwa zai ce?”

“Ka karanta?”

“Ban sa tabarau ba.”

Yana sanye da tabarau a hoton soyen kifin da aka manna a allon zauren. Na sha kofinsa, ba daɗi, na fita.

*

Ƙarfe biyu na koma inda na kafa sanda. Mutum bai tashi sama ba. In ya bi titi, wani ya gan shi ta taga. Na tsallaka na fara kewaye, ina faɗaɗa da'irar.

Bayan cocin akwai hanyar baburan ƙanƙara da ta gangara bakin rafi. Sun daddanne ta ta yi tauri kamar kwalta, ba ta riƙe sawu. Wanda ya san ƙasa nan zai bi. Na bi a hankali, ina haska tocila a kwance ko da rana ce, don inuwa ta fito da abin da ido ba ya gani. Rabin dunduniya a nan. Gefen takalmi a can. Mutumin yana taka tsakiya, inda ya fi tauri, bai kauce ko sau ɗaya ba.

Daf da gadar katako akwai wani ido da ruwa ke tsattsafowa, ya daskare a ƙarƙashin dusar. Kowane hunturu sai ya kayar da wani. Ya kayar da wannan.

Dunduniyar hagu ta zame, ta ja layi tsawon taku ɗaya. Jikin ya tafi dama, ya faɗa cikin dusa mai laushi a gefen hanya, ya bar kansa a zane. Na tsuguna. Ga ƙugu. Ga kafaɗa. Ga rami mai zurfi, ɗan ƙarami, na gwiwar hannu.

Babu tafin hannu.

Na auna, na sake dubawa. Duk ɗan Adam in ya zame, hannu yake jefawa kafin ya san ya zame. Yaro, tsoho, mashayi, duk ɗaya. Na ga faɗuwa ta fi ɗari a ƙasa, kowacce da yatsu biyar a gefenta. Wannan ya faɗi a dama, ya janye hannun dama ya ba da gwiwar. Da zai tashi, hannun hagu ya tsallako da shi ta kan jikinsa ya dafa. Ga yatsun nan, a inda bai kamata su kasance ba.

Ba a koyon wannan a rana ɗaya. Sai jiki ya shekara goma sha biyar yana gadin abu guda.

Gida huɗu ne a ƙetaren gadar. Na san na wa ne na biyu. Na zauna a kan gungume na cinye sauran burodin. Ya yi sanyi.

*

Na ce su haɗu a zauren ƙarfe huɗu. Marlene ta zauna kusa da kabad. Duane ya ɗora ƙafa a kujera. Rusty ya ƙi zama. Arvo ya koma kusurwarsa.

“Rusty yana mashaya,” na ce. “Saje ba ya iya taka filin nan ba tare da ya ja ƙafa ba. Wanda ya shiga ya bi hanyar babura don kar ya bar sawu, ya faɗi a idon ruwan bakin gada.”

“Kowa yana faɗuwa a nan,” in ji Duane.

“Kowa yana dafawa da hannu. Shi bai dafa ba. Ya faɗi a dama, a kan gwiwar hannu.”

Ba wanda ya juya ya kalli kusurwar. Daga nan na gane biyun sun riga ni sani.

“Kawu,” na ce, “ɗaga hannun rigarka.”

Bai ɗaga ba. Ya ajiye kofi.

“Da na san ke za a kira, da na bi ta titi,” in ji shi. “Zan gyara gilashin.”

Marlene ta cire tabarau. “Kai? Littafinka? Jibi fa, Arvo.”

“Na sani.”

“Ka ƙona shi?”

“Yana ɗakin wankan sirace na gidana, a kan katakon sama. Na hura wuta jiya. Na kasa.”

“Me ke ciki?”

“Marlene, ɗan ba mu wuri,” in ji Duane.

“Ofishina ne. Kai ka ba ni wuri.”

Injin dumama ɗaki ya yi ƙara ya tsaya. Rusty ne ya gaji da tsayuwa, ya jawo kujera ya zauna da ƙarfi.

“Ku gaya mata, ko ni in faɗa, kuma kun san ban iya magana ba.”

Arvo ya dubi tebur. “Ba murfin mota ba ne. Ranar Wayne ce.”

Marlene ba ta motsa ba.

“Motarsu ta taka bam, ta kama wuta, ƙofar ta cije. Na sa ƙarfe, ƙarfen ya lanƙwashe. Sai na koma dukan ta da hannu. Ban san sau nawa ba. A nan hannun ya tafi.” Ya ɗan ɗaga kafaɗar dama. “Dakta ya rubuta duka a shafi ɗaya, ni da shi. Yakan rubuta lokaci.”

“An ce mini nan take ya rasu,” in ji Marlene.

“Mu muka ce a ce haka.”

“Minti nawa?”

Duane ya dubi ƙafarsa.

“Na ce minti nawa.”

“Yana rubuce,” in ji Arvo. “Ba da bakina ba.”

Duane ya share fuska da tafin hannu. “A jirgin dawowa muka shirya. Duk wanda ya tambaya, murfin mota ne, wata rana daban. Da kika ce mu rubuta shaida, me za mu rubuta? Ke ce mai bugawa.”

“Ni na buga su,” in ji ta. “Har na gyara muku rubutu.” Ta juya ga Arvo. “Sau biyu likita yana cewa ƙarya kake. Na zage shi a takarda shafi huɗu. Ashe shi ne mai gaskiya a cikinmu.”

“Na ɗauka Dakta bai rubuta ba. Ranar ba wanda ke da lokacin rubutu.”

“Kuma da ka gani sai ka fasa mini ƙofa.”

“Hannu ne kawai, Marlene. Na saba. Ina faskare da hagu, ina aski da hagu. A rufe ƙarar. Ba sai kin ga shafin nan ba.”

“Maɓallin rigarka wa ke sa maka?” in ji Rusty. “Gaya mata. Ranar Laraba da ta wuce ni na ɗaure maka igiyar takalmi, ni da ba na jin yatsuna. Mutum biyu, hannu huɗu, minti goma.”

“Rufe bakinka, Rusty.”

“Na rufe shekara goma sha biyar. Ya ishe ni.”

Marlene ta dube ni. “Ke me za ki rubuta wa ɗan sanda?”

“An fasa gilashi, wanda ya fasa zai gyara. Sauran ba a ƙasa yake ba, ba aikina ba ne.”

“To je ki ɗauko mini.”

Na dubi Arvo. Ya sa hannun hagu a aljihu ya ciro makulli ya ajiye a tebur. Bai miƙo ba. Na ɗauka.

*

Tafiyar minti ashirin ce, zuwa da dawowa. Littafin yana inda ya ce, kore, ya sha maiƙo, an ɗaure shi da roba. Ban buɗe ba.

Da na dawo ba wanda ya sauya wurin zama. Marlene ce kawai ta cire rigar sanyi, ta kunna fitilar ofis, ta ajiye farar takarda da biro a gaban kowannensu.

“Ku sake rubutawa,” in ji ta. “Abin da ya faru. Rana, wuri, ƙofa. Ku kuma rubuta dalilin da ya sa na farkon ƙarya ne, da hannunku, ku sa suna. Arvo, kai ka faɗa, Kirsti ta rubuta maka.”

“Za su iya kama mu da shaidar zur,” in ji Duane.

“Za su iya. Rubuta, Saje.”

Na miƙa mata littafin. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta juya shi, ba ta cire robar ba. Arvo ya miƙe.

“Bari 'yar Salmi ta ɗau hoton ta aika. Ba dole ki karanta ba. Don Allah.”

“Ban taɓa aika takardar da ban karanta ba.”

“Marlene.”

“Kun yanke mini abin da zan iya ɗauka, ku uku, a cikin jirgi, ba wanda ya tambaye ni. Mijina ne.” Ta shiga ofis ta tsaya a bakin ƙofa. Muryarta ba ta rawa, ta dai gaji. “Zan karanta, ni kaɗai. In na gama zan aika. Jibi ƙarfe tara da rabi ka zo da riga mai tsabta, kuma in alƙali ya ce lanƙwasa, ka lanƙwasa har inda yake ciwo, ka ce yana ciwo.”

Ta rufe ƙofar.